Mariƙan katako don bangon atisaye: yadda aikin ke tafiya

6 ga Janairu

Bangon atisayen hawan dutse da na gina a gida ya tsaya. Filawud ne mai kaurin milimita 18 a kan firam na katako, ya sunkuyo gaba da digiri 30, an huda shi layi-layi da tazarar santimita 20 tsakanin rami da rami. A bayan kowane rami na buga noti mai haƙora huɗu da ke cizon filawud, wanda masu sayarwa ke kira T-nut, girman M10, wato na noti mai kaurin milimita 10. Saura mariƙai, wato abin da hannu zai kama, kuma na yanke shawara da katako zan yi su, da hannuna.

Mariƙan da ake sayarwa galibi na roba ne mai tauri, foliyuretan ko foliyesta, an yi musu fuska mai kaushi don ta ɗauko yanayin dutse. Suna da daɗin kamawa, amma suna cin fata. Wanda zai hau bangon gida sau uku ko huɗu a mako, fatar yatsunsa za ta ƙare tun ƙarfinsa bai ƙare ba, ya sauka ba don ya gaji ba. Katako ba ya cin fata haka. Sai dai kuma ba ya taya mutum riƙo. Santsi gare shi, in ba ka matsa da yatsu ba, ka ɗaure ciki, ka danna ƙafa, sakin ka zai yi. Wannan rashin taimakon nasa shi nake nema.

Masu hawan dutse sun daɗe da sanin haka. A 1988 Wolfgang Güllich, ɗan Jamus, ya kafa allo mai sandunan katako a wani wurin motsa jiki mai suna Campus a birnin Nuremberg, yana hawa da hannu zalla. Da wannan horon ya hau Action Directe a yankin Frankenjura a 1991, hanyar da ake ɗauka a matsayin ta farko a duniya da ta kai 9a a ma'aunin wuyar hanyoyin hawa. A Sheffield ta Ingila ma, su Ben Moon da Jerry Moffatt sun tara ƙarfinsu a kan alluna masu sunkuyo da ke cike da guntayen katako da aka sassaƙa da hannu. Allon atisaye na yau mai suna MoonBoard, mai digiri 40 da layi 11 a tsaye da 18 a kwance, daga nan ya samo asali. Nawa bai kai wannan tsananin ba, amma hanyar ɗaya ce.

13 ga Janairu

Na tara katako. Akwai ƙafafun wani tsohon tebur, da ragowar firam ɗin ƙofa, da guntayen filawud ɗin da suka rage daga bangon. Na ware katakon fayin gefe guda. Yana da sauƙin yanka, amma yana da laushi, washa na nutsewa a cikinsa, wani lokaci kuma yakan fitar da ƙaro ya manne wa yatsu. Katako mai tauri, mai matsattsiyar jijiya, wanda ba shi da ido kusa da inda za a huda, shi ne na aikin nan.

Akwai iri biyu da ban bari sun shigo ba ko kaɗan. Na farko shi ne katakon da aka yi wa magani don ya jure ruwa da gara, musamman tsohon nan mai ɗan kore-kore, domin wasu daga cikin magungunan na ɗauke da sinadarin asenik. Na biyu katakon fale-falen ɗora kaya mai tambarin MB, alamar an turara shi da gubar kashe ƙwari. Mai tambarin HT da zafi kawai aka gasa shi, ba laifi. Abin da za a goge da samfefa a shaƙi ƙurarsa, a kuma riƙa murza shi da hannu mai gumi, bai kamata a yi kasada da shi ba.

16 ga Janairu

Firam ɗin ƙofar ya kwana biyu a waje, don haka ban yarda da bushewarsa ba. Na yanko guntu, na auna nauyinsa a sikeli, na rubuta a jikinsa da fensir. Zan riƙa aunawa har nauyin ya daina raguwa. Katakon da zai zauna a ɗaki ana so danshinsa ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. In aka sassaƙa shi da danshi, zai tsuke bayan an ɗaure, ko noti ya saki, ko ya tsage.

20 ga Janairu

Yau gwajin jijiya na yi, tun kafin in ɓata lokaci wajen gyaran siffa. Duk wanda ya taɓa yin faskare ya san itace ta ina yake buɗewa: gatari ya bi jijiya, sai ya rabe biyu, ya gitta ta kuwa, sai dai ya yi ta sara. Mariƙi ma haka. Na yanko guntaye biyu masu girma ɗaya daga ƙafar tebur. Ɗaya na huda shi noti ya gitta jijiya, wato jijiyar na kwance a jikin bango. Ɗayan na huda shi ta kai, noti ya bi tsawon jijiyar. Na ɗaure su a ƙasan bango, na taka kowanne da duk nauyina, na yi ta tsalle a kai, sannan na bi su da guduma. Na biyun ya buɗe daga bakin rami har gefe. Na farkon ko gezau.

Ƙa'idar da zan bi ke nan: jijiya ta kwanta a jikin bango, ta bi tsawon mariƙin. Amma ko da an bi wannan, akwai wurin da ke da rauni, shi ne leɓen da yatsu ke shiga bayansa. Jan da hannu ke yi yana neman raba jijiyoyin ne da junansu a gindin leɓen, kuma nan ne katako ya fi rashin ƙarfi. Don haka leɓe zai zama mai kauri, gindinsa kuma a zagaye, ba kusurwa mai kaifi da tsaga za ta samu mafara ba.

27 ga Janairu

Na fara yankan rukunin farko, gefuna masu faɗi da sirara. Abin da ya fi cin tunanina shi ne kusurwar saman mariƙin. Gefen da aka yanka daidai digiri 90 da bayansa, a miƙaƙƙen bango shimfiɗe yake. Da zarar an ɗora shi a bangon da ya sunkuyo digiri 30, samansa ma ya gangaro waje da digiri 30, yatsu na neman zamewa. Kafin ya dawo a shimfiɗe sai an yanka shi ya shiga ciki da digiri 30, kafin kuma ya zama mai ƙugiya sosai sai an wuce haka. Gaskiya ne idan ƙafa na kan bango jan ba ƙasa tsaye yake yi ba, yana ɗan bin jikin bangon, shi ya sa gefen 90 ɗin yake riƙuwa muddin ƙafa ba ta fita ba. Ranar da ta fita, hannu zai bi ta.

Na tsayar da kusurwa uku: 15, 30 da 45. Masu 45 su ne na ɗumama jiki da na ƙarshen hanya a sama. Zurfin kuma daga milimita 30, sai 25, sai 20, sai 'yan kaɗan masu 15. Milimita 20 shi ne zurfin da aka fi amfani da shi wajen auna ƙarfin yatsu, kusan gaɓa ɗaya ta yatsa, kuma mafi yawan mariƙaina a nan za su tsaya.

Dabarar da ta fi kowace amfani a yau: ban yanka katakon guntu-guntu tukuna ba. A doguwar sanda na fitar da kusurwar gaba ɗaya, na goge leɓen, na sa alamar ramuka na huda, sai daga ƙarshe na yayyanka ta gida-gida, santimita 10 zuwa 14. Doguwar sanda tana matsuwa da kilam a kan benci, hannu na nesa da zarto. Ƙaramin guntu kuwa yana iya kufcewa, diril ya juya shi, ko zarto ya fizge shi. Yatsun da ake gina bangon dominsu, bai dace a ba da su a wajen gina shi ba.

3 ga Fabrairu

Ramin noti. A nan ne mariƙi ke samun lafiya ko ya mutu, don haka zan rubuta shi dalla-dalla.

Notin da nake amfani da shi M10 ne mai kai zagaye da ake juyawa da alanki mai milimita 8. Faɗin kansa milimita 16, washarsa kuma 20. Da farko nakan haƙa gurbin washa da faffaɗan bakin diril irin Forstner mai milimita 22, wanda ke barin gindin rami a shimfiɗe. Bayan nan sai in bi tsakiyar da baki mai milimita 11 har ya ɓulla. Jerin yana da muhimmanci. In aka fara da ƙaramin rami, faffaɗan bakin ba zai samu inda tsininsa zai kafu ba, sai ya yi ta yawo. A ƙarƙashi nakan sa wani guntun katako, don kada bayan ya ɓare lokacin da bakin zai fita.

Ƙarƙashin washa ina barin aƙalla milimita 12 na katako. Shi ke ɗauke da duk matsin. Kuma ban yarda da noti mai kai irin mazurari a jikin katako ba, domin ana ɗaure shi yana buɗa ramin ta kowane gefe, daidai abin da ke kawo tsaga. Washa a kan shimfiɗaɗɗen gindi ƙasa kawai take dannawa.

Tsawon noti lissafi ne mai sauƙi: kaurin da ya rage a ƙarƙashin washa, a haɗa da milimita 2 na washar, da 18 na filawud, da ɗan ƙari don zare ya kama T-nut gaba ɗaya. Wani abu kuma da ya kamata mai haɗa kaya daga wurare daban-daban ya kula da shi: a Amurka notin bango inci 3/8 ne, wajen milimita 9.5, mai zare 16 a kowane inci, M10 kuma tazarar zarensa milimita 1.5. A ido kusan ɗaya suke. Zai fara shiga lafiya, ya cije a tsakiya, in aka tilasta shi ya ɓata zaren ko ya ture T-nut ɗin ta baya, a bangon da wataƙila ba a iya shiga bayansa.

Bayan mariƙi dole ya kwanta lif. Na manna samfefa a kan shimfiɗaɗɗen allo, ina goga bayan kowanne a kai har layin fensir ɗin da na zana ya goge duka. Wanda ke rawa a kan bango, ana ɗaure shi zai lanƙwashe, daga nan sai tsaga.

10 ga Fabrairu

Mako guda ina kan magagari da samfefa, kuma na gane cewa yankan da hudar duk share fage ne. Ainihin aikin yana bakin leɓe.

A cikin kowane yatsa, jijiyar da ke lanƙwasa shi tana bi ne ta ƙarƙashin wasu zobba masu tauri da ke riƙe ta a jikin ƙashi. Likitoci sun ba su lamba daga A1 zuwa A5. Wanda ya fi yagewa a wajen masu hawa shi ne A2, a gaɓar farko kusa da tafi, musamman a yatsan zobe da na tsakiya, kuma yawanci lokacin da aka dunƙule yatsu sosai a kan siririn gefe, aka ɗora babban yatsa a kai, ƙafa kuma ta zame ba zato. Tsoka na ƙara ƙarfi cikin makonni, jijiya da zobbanta kuwa sai a hankali, watanni da shekaru. Siffar mariƙi tana iya tura mutum zuwa wannan dunƙulewar, tana kuma iya ba shi damar riƙewa da buɗaɗɗen hannu. Kaifin gefe yana tara nauyi a layi ɗaya, ya ji wa fata ciwo, ya sa mutum ya ƙanƙame. Zagayayyen gefe yana baza nauyin.

Ma'aunina shi ne, a sirara, bakin ya zagaye aƙalla kamar kaurin fensir. A manya masu ƙugiya, ya kai kaurin sandar mofa. Nakan rufe ido in bi kowanne da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, har kusurwoyin ƙarshe da bakin gurbin washa, domin idan hanya ta yi wuya, hannu zai kama duk inda ya samu, har ramin notin.

Samfefa na fara da lamba 60 don fitar da siffa, sai 80, na tsaya a 120 a inda fata ke taɓawa. Wuce nan yana sa katako sheƙi, ba abin da ya ƙara sai santsi. Gugar ƙarshe ina yin ta a kwance, ta gitta hanyar da yatsu za su ja. Ba mai, ba banish, ba fenti. Ɗanyen katako yana shan gumi, wanda aka shafe kuwa yana barin sa a sama.

11 ga Fabrairu

Ƙura. Hukumar IARC, reshen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 1995 ta sa ƙurar katako a rukuni na 1 na abubuwan da ke jawo sankara, musamman ta hanci, kuma ƙurar katako mai tauri ce aka fi danganta da ita. Hatsarin ya fi shafar masu shekara da shekaru a cikin sana'ar, amma rigakafi ya fi magani. Ina yin gugar a waje, da takunkumi mai tace ƙura, in share wurin da jiƙaƙƙen tsumma.

17 ga Fabrairu

Rukunin farko ya hau bango. Na ɗaure su har suka daina motsi, na ƙara ɗan juyi kaɗan, na tsaya. Katako ba ya son a ƙure masa noti. Na shimfiɗa katifu biyu a ƙasa, na rufe tsagar da ke tsakaninsu, don a nan ƙafa ke faɗawa ta gurɗe.

Ƙanena ne ya fara hawa. Ya kama wani dogon gefe ta ƙarshensa na dama, sai ya ɗan juya. Ya sauko ya ce, “Yaya, wannan yana bin hannu.” Haka noti ɗaya yake: idan aka ja dogon mariƙi daga gefe, tsawonsa na ba hannu ƙarfin juya shi, bayan katako kuma santsi gare shi a kan filawud. Ƙara ɗaure noti ba shi ne magani ba. Na huda ƙaramin rami a kusurwar ƙasa, na sa sukuru ɗaya mai milimita 4.5 ya shiga filawud. Duk wanda ya wuce santimita 12 yanzu yana da irin wannan.

Riƙon kuwa yadda na zata ne, har ya fi. Gefen milimita 20 mai kusurwa 15 ba ya ɗaukar sakaci ko kaɗan. Da zarar ƙugu ya yi nisa da bango, yatsu sun fara tafiya. Bayan an gama, hannuwa sun gaji tiɓis amma fata lafiya lau.

2 ga Maris

Yanzu na koma kan masu tudu, waɗanda ake dafawa da tafi, da kuma na matsewa tsakanin babban yatsa da sauran huɗun. Waɗannan suna buƙatar kaurin da katakona bai kai ba, don haka na haɗa gida uku da farin gam na kafintoci, jijiyoyinsu na fuskantar hanya ɗaya, na matse da kilam suka kwana. Idan fuskokin sun haɗu da kyau, layin gam yakan fi katakon kansa ƙarfi. Guntayen filawud ma na lilliƙa su gida huɗu. Da yake jijiyar kowane falle tana gitta ta na kusa da ita, da wuya filawud ya tsage, sai dai gefensa ya fi kaushi, yana ɗan cin fata, kuma yana son a goge shi sosai don kada ya bar sartse.

Mai tudu a bangon digiri 30 yana da wuyar sha'ani. In aka yi shi rabin ƙwallo sosai, ba mai iya riƙe shi a katako. Abin da ya yi aiki shi ne faffaɗan sama mai ɗan gangare kaɗan, da ɗan kwari mara zurfi kusa da bango inda kan yatsu zai kwanta. Na fi ɗaukar lokaci a kan guda ɗaya na irin wannan fiye da gefuna biyar, ina gogewa, in ɗaura, in gwada, in kwance.

Na matsewa sun fi sauƙi. Faɗinsu daga santimita 4 zuwa 8, gefunan biyu sun ɗan shiga ciki, ɓangaren babban yatsa ya fi zagaye. Tun daga wannan rukunin nake yin komai biyu-biyu, ɗaya madubin ɗaya, in ɗaura su hagu da dama daidai da juna kamar yadda aka tsara allon atisaye mai suna Tension Board. Duk hanyar da aka hau ta dama sai a sake ta ta hagu, hannun da ke da rauni ba shi da wurin ɓuya.

9 ga Maris

Matakan ƙafa. Ƙanana ne, milimita 8 zuwa 12 daga bango, ba su da kaurin ɗaukar noti, don haka sukuru biyu kowanne. Na fara huda musu rami daidai kaurin sukurun, na nisanta su daga ƙarshe da santimita 2, ban kuma jera su a layin jijiya ɗaya ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsayi. Na zaɓi katakon da ya fi kowanne tauri, domin robar takalmi tana cinye gefe da sauri.

Ƙanena ya roƙi in yi masa na rami, mai ɗaukar yatsa ɗaya ko biyu. Na yi masa mai ɗaukar uku, da faffaɗan baki a zagaye. Na yatsa ɗaya ba zan yi ba a yanzu. Güllich ya yi shekaru yana shirya yatsunsa kafin ya rataya a kan irinsu, mu ba mu kai nan ba, kuma ramin da yatsa ke maƙalewa a ciki lokacin faɗuwa ba abin wasa ba ne.

23 ga Maris

Na bi bangon duka da alanki. Kusan kowane noti ya karɓi ɗan juyi, musamman waɗanda suka fito daga firam ɗin ƙofa. Ba abin mamaki ba ne. Katako kusan ba ya raguwa a tsawonsa, a faɗi da kauri yake tsukewa idan iska ta bushe, kuma kaurin nan shi ne noti ya matse. Zan riƙa wannan zagayen duk wata, da kuma duk lokacin da yanayi ya sauya.

Na duba tsaga da fitila, ina haska kowanne ta gefe. Ɗaya daga cikin masu ƙugiya yana da siririn layi a gindin leɓe, kusa da wani ƙaramin ido. Na cire shi, ba zan liƙe da gam in mayar ba. Abin da mutum zai yi tsalle ya kama a saman bango, ko dai lafiyayye ne ko ba ya nan.

Waɗanda aka fi kamawa sun fara duhu da sheƙi, allin da ake shafa wa hannu da gumi sun toshe fuskarsu. Buroshi mai gashi yana fitar da allin, wanda ya yi santsi sosai kuma sai in shafa masa samfefa 120 sau biyu ko uku a kwance. Ba na wanke su da ruwa, yana tayar da jijiya ya kuma kumbura katakon.

Guntun da nake aunawa tun Janairu ya daina rage nauyi, don haka sauran firam ɗin ya isa aiki. Layuka biyu na sama har yanzu ba su cika ba, kuma ɓangaren hagu na ƙasa yana buƙatar mariƙan da ake kamawa ta ƙasa a ja sama. Waɗannan suna jan T-nut waje da ƙarfi fiye da sauran, don haka zan yi musu faffaɗan gindi da washa mai milimita 30, in kuma leƙa bayan bangon in tabbatar haƙoran T-nut ɗin sun nutse duka kafin in ɗaura su.